Fatun Layya a Durowar Mahdi

Kwana ashirin ke nan da akwatin kayan aiki ya iso shagon Mahdi, amma har ranar durowoyinsa bakwai ƙarfe ne zalla, babu abin da aka shimfiɗa a ciki. Jan akwati ne na ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana da tayoyi huɗu a ƙasa. A kasuwar Mai'adua ya tsince shi wurin masu gwanjo, ya ɗauko shi a bayan a-kori-kura yana riƙe da shi tun daga can har Daura, kamar mai rakiyar marar lafiya.

Gyaran famfon dizal da nozul Mahdi yake yi, na tarakta da na manyan injinan niƙa. Daga Daura har Baure, in aka cire shi, sai dai mutum ya kama hanyar Kano. Aikin ba na guduma ba ne. Akwai allurai da ko zufar hannu ba sa so, akwai 'yan siraran wosha da ba su kai kaurin takarda ba, akwai ma'aunai biyu da ke gane bambancin da bai kai silin gashi ba. Shekara tara yana naɗe su a tsummoki masu mai yana cusawa a buhu. Yanzu da Allah ya ba shi wurin ajiya na mutunci, ya rantse ba zai zube su a kan ƙarfe suna gogar juna ba, sai ya samu abin shimfiɗa da ya dace.

Ya fara da kwali. Kwana biyu kwalin ya sha mai ya yi laushi kamar gurasa a romo. Ya gwada ragowar ledar ɗakin matarsa Adawiyya, da ya ja durowa sai kayan suka sulale suka taru a lungu ɗaya. Soson katifa ya fi ba shi haushi, don man gas na taɓa shi ya fara marmashewa, alhali ɓurɓushi guda ya isa ya toshe bakin nozul. Kafet yana riƙe yashi. Robar cikin tayar tarakta ba ta kwanciya ko an danne ta da dutse, ga ta baƙa wuluk, ƙaramin sifirin in ya faɗa kanta sai an kunna tocila. A ƙarshe ya tsayar da ransa kan wata roba mai ruwan toka, mai 'yan layuka, irin wadda ake shimfiɗawa a ƙasan manyan motocin haya. Wani direban hanyar Kano mai suna Anwar ya yi masa alkawarin kawowa, kuma kullum amsar ɗaya ce, jibi.

Shagon a jikin zauren gidansu na gado yake, kuma a gindin dalbejiyar ƙofar gidan ne majalisa ke zama bayan la'asar. Maganar akwatin ta zama musu abin taɓawa. Wani ya ce ko lefen 'yar sarki ba a yi masa wannan zaɓen. Wani ya ce a sa wa sifanun gidan sauro ma, kada su kwana da zazzaɓi. Mahdi yana jin su, yana cije leɓe.

Wanda ya fi kowa yawan magana a kai yayansa ne, Sada, dillalin fatu, mai rumfa a bayan kwata. Sada ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai Mahdi Kano koyon sana'a da hannunsa, ya kwana uku a tasha har sai da ubangidan ya karɓe shi. Babu wanda bai san wannan ba a unguwar, domin Sada bai bar kowa ya manta ba. A ganinsa duk wannan wahalar ta roba shirme ce. Mahaifinsu mahauci ne, in ji shi, shekara arba'in yana naɗe wuƙaƙensa a fata, ko ɗigon tsatsa ba su taɓa yi ba. Fata za a sa, a huta.

Mahdi ya san fatar mahaifinsu jemammiya ce, ta sha bagaruwa ta sha mai. Ya san ta rumfar Sada ɗanya ce, da gishiri ake tsare ta kada ta ruɓe. Amma ƙane ba ya musu da wa a gaban majalisa. Ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma, har aka shiga wata hira.

Sallar layya ta zo a farkon damina. Fatu suka yi yawa, masu saye daga Kano suka ɗauke ƙafa, rumfar Sada ta cika har bakin ƙofa. Kwana biyu bayan sallah aka yi ruwa mai ƙarfi, washegari kuma aka kira Mahdi daga Baure, taraktocin wata ƙungiyar manoma guda uku sun tsaya ana tsakiyar haro. Ya ɗebi kayan da zai iya aiki da su a gona. Masu laushin ya shafe su da mai, ya naɗe kowanne a tsummansa, ya jera su a durowoyin, ya kulle akwati ya kulle shago. Makullan ya kai wa mahaifiyarsu, Inna Shatu, domin a gidan ba a tafiya da makulli, wurinta ake bari. Ya ce kwana huɗu zai yi. Sai da ya yi sha ɗaya.

Ranar da ya dawo ya aiki yaro ya karɓo masa makullan, tun kafin ya gama tura ƙofar shagon wari ya tare shi. Ba warin mai ba ne. Warin bayan kwata ne, irin wanda ke bin rigar Sada har masallaci.

Ya ja durowar sama. Farar fatar rago ce shimfiɗe a ciki, an aske gashinta, an yanka ta daidai da kusurwoyi huɗu, an manne da gam. Aikin ya yi kyau, shi ne abin da ya fara ƙona masa rai. An ɗinka 'yan maɗaurai, kowane ƙarfe da gurbinsa. Babu tsumma ko ɗaya. An kwance kayan, an wanke musu mai tas, an kwantar da su a kan fatar. Ya taɓa fatar ya ji ta a jiƙe, tana naso kamar goshin mai zazzaɓi. Gishirin da ke cikinta ya jawo laimar ruwan sama uku da aka yi a bayansa.

Ya ɗaga babban ma'auni. Gefen da ya kwanta a kai ya yi ja, ya bar hotonsa a jikin fatar. Ya murza shi, ya ƙi motsi. Ƙaramin ya motsa, amma yana ƙara kamar an zuba masa yashi. Alluran nozul sababbi, dozin biyu, da bai taɓa amfani da su ba, duk sun yi ɗigo-ɗigo. Siraran wosha sun manne da juna sun zama curi. Durowa ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu haka. Ya durƙusa ya ja ta biyar. Tsummoki ya gani, baƙaƙe, masu ƙazanta, yadda ya bar su. Ta shida da ta bakwai ma ba a taɓa ba. A nan agogon gwada ƙarfin nozul yake, da sauran abin da ya rage masa na sana'a.

Bai san lokacin da ya yi jifa da jakarsa ba. Ta bugi bango, sifanu suka watse.

A tsakar gida Adawiyya ta tare shi, ta ga fuskarsa, ta ajiye kofin ruwan da ta ɗebo. Ba sai ya tambaya ba. Ta ce kwana biyu da tafiyarsa Yaya Sada ya karɓi makulli wurin Inna. Kwana uku yana shagon, da reza da almakashi da basilla, ko azahar a ciki yake yi. Da fetur ya wanke kayan, ya ce ƙazantar Mahdi ta yi yawa, tsummokin kuma ya sa aka ƙone. Ita ta gaya wa Inna cewa Baban Yasmin, wato Mahdi, ba ya son a taɓa masa kayan nan, Inna ta tambaye ta ko ita ta haifa mata shi. Daga nan ta ja bakinta.

"Kin ja bakinki," in ji Mahdi. "Waya fa? Wayarki ma bakinta kika ja?"

Ta ce ta kira sau biyu ba ta shiga, kuma ita ina ta san gishiri na cin ƙarfe har haka. Ya wuce ta, don ya san in ya tsaya a kanta zai sauke abin da ba nata ba.

Inna Shatu tana bakin ɗakinta tana tsince wake. Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwar ta fito masa a guntule. Ya ajiye ma'aunin a gabanta a kan tabarma. Ta dube shi, ta ci gaba da tsintarta. Ba ta faɗin sunan Sada, ɗan fari ne, ko a gaban mutane ba ta kallonsa ido cikin ido. Amma duk gidan an san inda zuciyarta take.

Ta ce ta san da maganar da ya zo. Yayansa ya bar rumfarsa kwana uku saboda shi, ya zaɓi fatun da suka fi kyau, har reza ta yanke shi a babban yatsa, ita ta ɗaure masa. Yau ya tafi Mai'adua, gobe da safe zai zo ya ƙarasa ukun da suka rage. Abin da take so shi ne in ya zo a yi masa godiya.

"Inna, kin ga wannan? Ya mutu. Ba ya gyaruwa."

"Tsatsa ce. Tukunyata ma tana yi, da toka nake dirjewa."

Ya yi ƙoƙarin yi mata bayani. Ya ce abin da za a dirje ya tafi da shi, shi ne abin da ma'aunin yake aunawa. Ya ce allura in ta yi ɗigo ɗaya, tarakta hayaƙi za ta yi ta yi har ta ƙone. Yana magana yana jin muryarsa tana hawa, yana danne ta. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta ce shi ƙarfe ana sayen wani. Ya bar ɗan'uwansa ya ƙarasa abin da ya fara, in an kwana biyu, hankali ya ɗauke, sai ya ɓamɓare a hankali ba wanda ya ji.

"In an kwana biyu babu abin da zai rage a ciki, Inna."

"Na dai faɗa maka," in ji ta. "Kada in ji ka buɗe masa baki."

Ya fito yana jin kansa kamar zai tsage. Ya kira wayar Sada sau biyar, a kashe. Ya hau babur ya je rumfar bayan kwata ko zai same shi shi kaɗai, ya tarar da kwaɗo. Ya tsaya yana kallon ƙofar. Kwaɗon ya yi tsatsa, ƙyauren ya ci rabi daga ƙasa, kwanon rufin ya huje wuri-wuri. Mutumin da kullum yake shiga ta wannan ƙofar, shi ne bai san abin da gishiri ke yi wa ƙarfe ba? Ya tofar da yawu ya juya.

Kafin magariba ya kwashe kayan durowa huɗun ya tsoma a man gas. Yana yi yana lissafa hanyoyin da zai bi ya tsira da maganar Inna, kowacce ya bi sai ta toshe. In ya ɓoye kayan ƙasan, Sada zai nema, tunda a jikin kowane ƙarfe yake auna maɗaurinsa. In ya bari aka shimfiɗa fatun ya mayar da kayansa buhu, Sada zai riƙa jan durowa kullum yana tambaya. Ga shi da ya ɗaga gefen fata ɗaya, ƙasan durowar kanta ya fara yin ja. Akwatin ma ci ake yi.

Da safe, tun bai gama buɗe shago ba, Maharazu ya iso daga Sandamu da famfon taraktarsa a buhu, ɗaure a bayan babur. Tsohon mai kawo masa aiki ne, manomi, ba ya son dogon zance. Ya ce kwana shida yana jiransa, gonaki takwas na mutane suna kansa, ƙasa kuma ta fara shan iska. In ba a yi haro cikin kwana biyu ba sai an jira wani ruwan.

Mahdi ya kwance famfon a kan tebur. Ciwon ba babba ba ne, aikin rabin yini. Ya ɗauko ƙaramin ma'aunin da ya kwana a mai, ya goge, ya auna. Ya sake aunawa, ya ba shi wani abu daban. Ya auna na uku, ya sake bambanta. Ya zazzage alluran a tafin hannu yana juya su a hasken ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ko zai samu huɗu masu lafiya. Ya samu ɗaya.

Zai iya haɗawa da ka, ya san haka. Tarakta za ta tashi, ta yi sati, sannan ta tsaya a tsakiyar gonar wani da sunansa a kai. Ya mayar da famfon yadda yake, ya ɗaure bakin buhun, ya gaya wa Maharazu ya kai Kano, ya kwatanta masa shagon tsohon ubangidansa. Maharazu ya dube shi kamar bai gane Hausar ba. Ya ce kwana shida ya yi yana jira don a ce masa Kano? Da tun ranar farko ya tafi. Ya ɗaure buhunsa yana ta faɗa, ya ce shi ya ɗauka sabon akwati ƙarin aiki ne, ashe ado ne. Mahdi ya shiga goge tebur. A shekara tara bai taɓa mayar da aiki ba sai ranar.

Ƙarar babur ɗin Maharazu ba ta gama ɓacewa ba ya ji muryar Sada yana dariya. Ya shigo da sallama, fatu uku a naɗe a hammata, babban yatsansa ɗaure da ƙyalle. Ba shi kaɗai ba ne. Mati mai gyaran babura yana bayansa, da Yazid mai gyaran janareta, dukansu makanikai ne na bakin kasuwa.

"Mutanen Baure," in ji Sada. "Ka ga aikin manya ko? Ka yi wata guda kana shawara, ni kwana uku na gama."

Bai jira amsa ba. Ya ja durowar sama don ya nuna wa baƙinsa, ya ga babu kaya, ya ce wato har an kwashe ana aiki, madalla. Ya shafa fatar yana yi musu bayani. Su duba yadda ta kwanta. Ba zamewa, ba ƙara. Mati ya riga ya ce a yi masa akwatinsa biyu, Yazid ma yana so, shi ya sa ya kawo su su gani da idonsu a wurin Mahdi, tunda duk garin an san Mahdi ba ya sa wa kayansa abin banza. Sannan ya ajiye fatun a ƙasa, ya tattare riga, ya durƙusa ya kama hannun durowa ta biyar.

Mahdi ya sa gwiwa ya danne durowar.

"Yaya, bar ta."

Sada ya ɗago yana murmushi, ya ɗauka wasa ne. Ya ce ya matsa, rana na yi. Mahdi ya ce yana son magana da shi a zaure, su biyu. Sada ya ce wace magana ce Mati bai isa ji ba, ya faɗa a nan, hannunsa na kan durowar har lokacin, yana ɗan ja.

Mahdi ya miƙa hannu ya ɗauko kwanon man gas, ya juye shi a kan tebur. Ma'aunai, allurai, curin wosha, duk suka zube jajaye, man na bin katako yana ɗiga ƙasa.

"Ga aikin manya nan," in ji shi. "Kwana takwas a kan fatarka. Yanzu na kori Maharazu da famfonsa, don ba ni da abin da zan auna. Mati, in kana son kayanka, ko kusa da su kada ka bari a kai wannan."

Mati ya ɗauki allura ɗaya ya duba ya ajiye da sauri. Sada ya miƙe a hankali. Ya dangwala yatsa a fatar durowar sama, ya kai harshe. Fuskarsa ta nuna abin da ya ji. Ya ce ai ya wanke su. Sau biyu ya wanke, a bakin rijiya, ya shanya yini guda, ya taɓa ya ji sun bushe. Muryarsa ta yi ƙasa yana faɗa, kamar da kansa yake.

A nan ya kamata Mahdi ya tsaya, kuma ya sani. Durowar ta tsira, Mati da Yazid sun gani. Amma abin da ya haɗiye tun jiya, da wanda ya haɗiye a majalisa, da na shekarun da ake tuna masa kwana uku a tashar Kano, duk suka taso lokaci ɗaya.

"Wa ya sa ka? Wa ya roƙe ka? Ni na taɓa shiga rumfarka na ce ga yadda za ka yi? Ƙofar rumfarka ma gishiri ya cinye ta, kana gani kullum. Fatu sun yi maka kwantai, ka rasa inda za ka kai su, shi ne ka zo ka juye mini a kan abincina, har kana kawo mutane talla."

Yazid ya ce haba Mahdi, ya kama hannunsa. Mahdi ya fizge.

Sada bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙanensa ya ce fatun nan huɗu ba na rumfa ba ne. Ɗaya ta ragonsa ce, ɗaya ta ragon Inna, biyu ya bi gida-gida ya zaɓo, don yana son farare ƙal, tunda ya ji Mahdi yana cewa ba ya ganin ƙananan kaya a kan baƙi.

"Amma ka yi gaskiya," in ji shi. "Ba wanda ya sa ni."

Ya sunkuya ya ɗauki fatunsa uku. Ya bi ta gefen Mati ya fita, bai shiga gida ba. Baƙin suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Ta ƙofar da ke tsakanin shago da zaure Mahdi ya ga gefen mayafin Inna yana juyawa ciki.

Yinin ranar ya yi shi yana ɓamɓarar fata. Gam ɗin ya kama sosai, sai da ya sa wuƙa yana kankarewa, fatar tana fitowa guntu-guntu, da 'yan maɗauran da aka ɗinka da kyau. Haushin bai sauka ba. Duk durowar da ya gama, ya ga jan tabon da ke ƙasanta, sai ya ji da za a maimaita da ya sake faɗa. Sai kuma ya tuna ragon Inna, ya ƙara danna wuƙar har tana ƙara a jikin ƙarfe. Ya wanke durowoyin da ruwan zafi sau uku, ya shanya a rana, ya bi su da samfefa, ya shafe da mai.

Da ya shiga gaishe da Inna ta amsa da kalma ɗaya, ba ta ɗago ba. Ya zauna yana jira ta yi faɗa, ya ma shirya abin da zai ce. Ba ta yi ba. Da zaman ya yi tsawo ta ce wa Adawiyya ta zo ta ɗauke mata tabarma, za ta shiga ciki.

Ranar Alhamis Anwar ya kawo robar. Ita ce, mai ruwan toka, mai layuka. Mahdi ya auna ya yanka, ta kwanta lif a durowa bakwai, ya ɗiga mata man gas ya bari, ba ta yi komai ba. Ya jera abin da ya tsira. Kayan durowa uku ne, ya baza su don su cika bakwai, duk da haka ta sama wayam take. Majalisa ta zauna bayan la'asar kamar kullum, ba wanda ya leƙo, ba wanda ya yi masa ba'a. Sada bai zauna ba tun ranar. Ta ƙofar baya yake shiga gida.

Ran Juma'a Mahdi ya yi wanka ya sa farar riga, ya fito ƙofar shago da dadduma a kafaɗa. Tun yana yaro a bayan Sada yake zuwa masallacin Juma'a, da a keke, daga baya a babur, ko da ya sayi nasa ba su daina ba. Ya ji an tayar da babur a lungun bayan gida. Ya gyara hula. Babur ɗin ya fito bakin titi, Sada a kai, bayansa ba kowa, ya rage gudu saboda kwatar da ke gaban shagon, ya tsallake ta, ya ƙara wuta.

Mahdi ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Nasa babur ɗin yana jingine a zaure, amma sai ya bi ta gaban ɗakin Inna kafin ya ɗauko makullinsa. Ya gyara daddumar a kafaɗa ya kama hanya a ƙasa, yana sauri, don an fara kiran farko.